Tambaya da Amsa: Aikin Jiragen Sa-kai a Tseren Kwalekwale na Buɗaɗɗen Ruwa

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun shafi masu ƙananan jiragen inji da ke ba da kansu kyauta domin tsaron lafiyar 'yan tseren kwalekwale, idan gasar ta bar killataccen ruwa ta shiga teku ko babban tafki. Mun taƙaita wasu daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai inji wanda tsawonsa bai wuce mita 6 ba, kuma masu shirya wani tseren kwalekwale na dogon zango sun roƙe ni in shiga cikin jiragen da za su yi rakiya. Na amsa musu, amma har yanzu ban gane abin da ake bukata daga gare ni ba. Shin bin 'yan tseren kawai zan yi, in jira wani ya kife in tsamo shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsamo wanda ya kife yana cikin aikin, amma shi ne ɓangaren da ya fi ƙaranci, kuma mai yiwuwa ne ka yini a kan ruwa har a tashi ba ka jiƙa hannunka ba. Abin da zai cinye maka yinin shi ne kallo da ƙirga da isar da labari, kuma da waɗannan ake bambanta jirgin rakiya mai amfani da wanda ya fito shan iska.

Dalilin haka yana cikin yanayin wasan kansa. Mai tuƙa irin wannan kwalekwale yana zaune ne fuskarsa na kallon inda ya baro, ya juya baya ga inda ya nufa, saboda haka dutse ko gangar alama (wadda ake kafawa a kan ruwa don nuna hanya) ko jirgin masunta da ke gabansa ba ya ganinsu sai ya waiwaya, kuma mutumin da ya shafe awa biyu yana jan filafili ba kasafai yake tuna waiwaye ba. Kwalekwalen nasa siriri ne, ya kwanta ƙasa-ƙasa a kan ruwa, ta yadda ko igiyar ruwan da ba ta kai ƙugun mutum ba tana iya ɓoye shi daga idon na nesa. A gasar killataccen ruwa irin ta Olamfik, filin miƙaƙƙe ne mai tsawon mita 2,000, kuma alƙalai suna ganin kowa daga tashi har isowa. Gasar duniya ta tuƙin gaɓar teku kuwa, wadda hukumar wasan ta duniya, World Rowing, ke shiryawa, ana yin ta ne a zangon kilomita 4 zuwa 6 tare da shan kwana a kan gangunan alama, akwai kuma masu tsawo ainun, kamar tseren Blackburn da ake yi a jihar Massachusetts ta Amurka, inda ake kewaye yankin Cape Ann, tafiyar mil 20 da 'yan kai. A irin wannan zango, kafin a cika awa guda tazarar da ke tsakanin na gaba da na ƙarshe ta kai kilomitoci, kuma babu ido guda da zai iya riƙe su duka.

Shi ya sa ake rarraba jiragen rakiya. Akwai wanda ke shiga gaba yana faɗakar da sauran masu amfani da ruwan cewa ayari na tafe. Akwai waɗanda ake girkewa a wuraren shan kwana da wuraren da aka san ruwansu da hatsari, su tsaya cik suna rubuta lambar kowane kwalekwale da lokacin da ya wuce. Wasu suna kai-kawo a tsakanin waɗannan tashoshi, sannan akwai na ƙarshe, wanda ƙa'idarsa ita ce kada ya taɓa wuce ɗan tseren da ke bayan kowa, komai nawarsa. A ganina tsayuwa a tasha da bin na ƙarshe su ne ayyukan da suka fi gundura, kuma su ne suka fi nauyi. Idan kwalekwale 41 suka wuce tasha ta biyu, amma 40 ne suka iso ta uku, to an san wanda ya ɓace, an san tsakanin ina da ina za a neme shi, an kuma san tun yaushe. Idan babu wannan ƙirga, ba za a lura ba sai an je layin ƙarshe, bayan iska da gudun ruwa sun riga sun yi nisa da shi.

Jarabar da ta fi kama sabon ɗan sa-kai ita ce bin na gaba domin kallon gasa. 'Yan gaba su ne suka fi ƙwarewa da ƙarfi, kuma galibi matsala tana can baya, wajen waɗanda suka gaji, ko suka fita daga hanya, ko ruwa ya fara cika musu kwalekwale. Jirgin da ya bar tasharsa ba tare da ya sanar da jami'in tsaro na gasar ba ya bar giɓi a daidai inda kowa ke zaton akwai ido. Saboda haka ka halarci taron bayani da ake yi kafin gasa, kada kuma ka fito daga cikinsa sai ka san wanda kake karɓar umarni daga gare shi, da tashar rediyon da za a yi magana a kai, da yawan kwalekwalen da suka tashi, da wuraren da za a iya sauke mara lafiya inda motar asibiti za ta iso, da alamar da za a bayar idan an soke gasar.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana yana wannan wasa, kuma duk lokacin da na nuna damuwa sai ya ce mini ya iya iyo tun yana yaro, jiragen rakiyar ma don cika ƙa'ida kawai ake sa su. Gaskiya ne gwanin iyo ba ya bukatar mai ceto?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Iya iyo abu ne mai kyau, kuma yawancin gasanni ba sa karɓar wanda bai iya ba, amma maganar ɗanki tana da gyara, musamman idan ruwan mai sanyi ne. Mutumin da ya faɗa ruwan da ɗuminsa ya gaza digiri 15 a ma'aunin Salshiyos, abu na farko da ke samunsa shi ne jan numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, sannan haki mai sauri da bugun zuciya, kuma idan wannan jan numfashi ya zo daidai lokacin da kansa ke cikin ruwa, to ya shaƙa ke nan, ko da shi ne zakaran iyo. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba da ke Kanada ya taƙaita abin da lissafin da ake kira 1-10-1: kimanin minti 1 na kokawar daidaita numfashi, kimanin minti 10 da hannuwa da ƙafafu za su ci gaba da yin aiki kafin sanyi ya kashe su, sannan kimanin awa 1 kafin mutum ya fita hayyacinsa. Wannan awa guda kuwa tana ga wanda ke sanye da rigar ceto ne, ko wanda ya sami abin da ya ɗare a kai, domin wanda hannuwansa suka daina aiki ba zai iya riƙe kansa a saman ruwa ba. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi.

A haɗa wannan da halin da ɗan tsere yake ciki a lokacin da ya kife. Ya riga ya ƙarar da ƙarfinsa, tufafin jikinsa ba su da kauri, kuma da yawa daga cikinsu ba sa sanya rigar ceto yayin tuƙi saboda tana takura hannu, sai dai su ajiye ta a cikin kwalekwale ko su ɗaura ƙaramar da ake hurawa. Ƙafafunsa kuma suna cikin takalman da aka kafe a jikin kwalekwalen, abin da ya sa doka ta ce a ɗaure diddigen takalmin da igiya ta yadda ba zai ɗaga fiye da santimita 7 ba, domin ƙafa ta zame ta fita idan an juye. Abin da ake koya musu shi ne kada su rabu da kwalekwalen su ce za su yi iyo zuwa gaɓa, su ɗare bayansa su fitar da ƙirjinsu daga ruwa, su jira. Wannan koyarwa ba ta da ma'ana idan babu wanda ake jira.

Ko manyan gwanaye ba su tsira ba. A tseren jami'o'in Oxford da Cambridge da ake yi a kogin Thames na Landan, kwalekwalen biyu duka sun cika da ruwa a 1912 har sai da aka sake gasar, na Cambridge kuma ya nutse a 1978. A 2012 ɗaya daga cikin 'yan Oxford ya suma a mazauninsa bayan an ƙetare layin ƙarshe, aka kwashe shi zuwa asibiti. Inda ruwan ke da ɗumi ma hatsarin sauya kama kawai yake yi, ya koma bugun zafin rana da ƙarewar ruwan jiki, kuma wanda jiri ya ɗebe a kan kwalekwalen da faɗinsa bai kai kamu biyu ba, cikin ruwa zai faɗa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, idan na ga kwalekwale ya kife, mutane suna cikin ruwa, yaya zan tunkare su? Hankalina yana ba ni cewa in taka wuta in isa da sauri.

Amsa: Ka yi sauri a hanya, ɗan'uwa, amma ka isa a hankali. Abin da ya fi komai hatsari ga mutumin da ke cikin ruwa a wannan lokaci shi ne farfelar jirginka. Kafin komai ka sanar ta rediyo cewa kwalekwale mai lamba kaza ya kife a wuri kaza, kuma kana tafiya, domin da zarar hannuwanka sun shiga aiki ba za ka sake samun sukunin magana ba. Ka sa mutum ɗaya daga cikin abokan aikinka ya kafa ido a kan waɗanda ke cikin ruwa yana nuna su da hannu, kada ya kau da kai ko sau ɗaya, saboda kan mutum a tsakanin igiyoyin ruwa yana ɓacewa cikin ƙiftawar ido.

Hanyoyin tunkara guda biyu ake koyarwa. Ta farko ita ce ka zagayo ta inda iska ta nufa, ka juyo da hancin jirgi yana fuskantar iskar, ka matso sannu-sannu ta yadda iskar ce za ta zame maka birki. Ta biyu ita ce ka tsaya a gicciye ta ɓangaren da iska ke fitowa, ka bar ta ta turo ka kan mutumin, jirginka yana kare shi daga igiyar ruwa. Kowace ka ɗauka, mutumin ya kasance a gefen jirgi daga tsakiya zuwa gaba, kuma kafin ya taɓa jikin jirgin ka kashe inji gaba ɗaya. Cire giya kawai ba ya wadatarwa, domin gwiwa ko gwiwar hannun wani na iya bugun sandar a cikin ruɗani. Inda ake samun togaciya shi ne kusa da duwatsu ko gaɓar da iska ke tura jirgi zuwa gare ta, domin kashe inji a can na iya jefa ku duka cikin halaka. A irin wannan wuri ka tsaya daga nesa, ka jefa igiyar ceto, wadda tsawonta kan kai mita 15 zuwa 25, ka jawo mutumin zuwa sarari tukuna.

Igiyar kashe inji, wadda ake ɗaurawa a cinyar matuƙi ta yadda injin zai mutu idan ya faɗa, ba a cire ta matuƙar inji na aiki. A watan Mayu na 2013 a Padstow da ke Ingila, wani jirgin roba mai gudu ya watsar da iyali guda shida cikin ruwa, ya ci gaba da zagaye a kansu babu matuƙi, uba da 'yarsa suka rasu, kuma bincike ya nuna ba a ɗaura wannan igiya ba. A Amurka tun daga Afrilun 2021 doka ta tilasta amfani da ita a jiragen shaƙatawa da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu.

Da isarka, tambayar farko ita ce su nawa ne, sannan ka ƙirga kawuna da kanka. Idan ɗaya ya gaza, a ƙarƙashin kwalekwalen za a fara dubawa, inda ƙafarsa ka iya maƙalewa. Mai ihu yana da numfashi, don haka wanda ya yi shiru, ko kansa ke sunkuyawa, shi ake fara ɗauka. Ka kula da filafilai, waɗanda tsawonsu ya kusa mita 3 ko ya fi, da ƙarafan da ke riƙe su a gefen kwalekwale, domin suna fasa jirgin roba, igiyoyin da ke yawo kuma suna naɗe farfela.

Ɗaga mutum daga ruwa ya fi wuya fiye da yadda wanda bai taɓa gwadawa ba yake zato. Wanda ya gaji kuma ya sandare ba zai iya taimaka maka da komai ba, ko tsani ka miƙa masa, kuma jirgi mai dogon gefe yana iya isa wurin ya kasa amfanar kowa. Saboda haka jirgin rakiya ba ya fita da ƙasa da mutum biyu, uku sun fi, kowa sanye da rigar ceto, kuma babu wanda zai yi tsalle cikin ruwa ya ƙara yawan waɗanda za a ceta. Wanda ya daɗe a ruwan sanyi, a yi ƙoƙarin fito da shi a kwance, a kuma bar shi a kwance, domin ɗaga shi a tsaye kan sa matsin jininsa ya faɗi farat ɗaya ya suma a hannun masu ceto. A kare shi daga iska, a lulluɓe shi har kai, kada a murza masa hannuwa da ƙafafu, kada a ba shi barasa. Duk wanda ya shaƙi ruwa sai ma'aikacin lafiya ya duba shi, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Kwalekwalen kuwa, komai tsadarsa, yana jira har sai mutane sun tsira. Idan za ka bar shi yana yawo, ka sanar da jami'in tsaro cewa mutanensa suna hannunka, in ba haka ba wani zai gan shi wayam ya tayar da neman waɗanda ba su ɓace ba. Ka kuma tuna cewa kwalekwale mai matuƙa huɗu da mai riƙe akala mutum biyar ke nan, saboda haka jirgin da aka cika da 'yan kallo tun daga gaɓa ba shi da gurbin da zai sa su.

Tambaya: Malam, ba ni da rediyon jirgi. Wayar salula ba ta isa ba?

Amsa: Ba ta isa ba, ɗan'uwa, sai dai ta zama madadi, a cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Waya mutum ɗaya take kira, jiƙaƙƙen yatsa ba ya sarrafa fuskarta, kuma sabis yana yankewa a bayan tsaunuka da nesa da gaɓa. Rediyon VHF kuwa, wato rediyon da jiragen ruwa ke magana da juna da shi, da ka danna ka yi magana duk jiragen rakiya da na kusa sun ji a lokaci guda. Gasa takan keɓe tasharta ta aiki, tasha ta 16 kuma ita ce ta neman agaji a duk duniya, ba a hira a kanta. Ana faɗin "Mayday" sau uku idan rai yana cikin hatsari nan take, "Pan-Pan" kuma idan abin na gaggawa ne amma bai kai haka ba. Ka faɗi ko kai wane ne, da inda kake, gwamma da lambobin GPS, da abin da ya faru, da yawan mutane, da taimakon da kake so. Ƙaramin rediyon hannu 'yan mil kaɗan yake kaiwa, tudu kuma yana tare shi, don haka a gwada shi daga tasharka kafin a tashi. Ƙasashe da yawa suna bukatar takardar shaidar iya amfani da shi.

Tambaya: Malam, ina da ƙorafi. Na taɓa yin wannan rakiya da man jirgina da lokacina, amma 'yan tsere suka yi ta daka mini tsawa cewa ina tayar musu da ruwa. Da na ga wani ya galabaita na miƙa masa gorar ruwa, sai aka ce na jawo masa hukunci. Wannan ba butulci ba ne?

Amsa: Allah ya ba da lada, Alhaji, kuma tsawa ba ta da daɗi ga wanda ya zo taimako. Sai dai a batun tayar da ruwa gaskiya tana wajensu. Gefen kwalekwalen tsere bai fi taƙi guda a saman ruwa ba, kuma igiyar da jirginka ya bari a baya, wadda kai ba ka ko ji ta ba, tana iya zuba masa ruwa bokiti-bokiti ko ta juye shi. Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne rage gudu zuwa matsakaici, alhali a nan ne hancin jirgi ke ɗagawa, bayansa ya nutse, ya haƙa igiya mafi girma. Kusa da 'yan tsere a tafi kamar ana rarrafe. Idan kuma dole ne a yi gudu, a yi nisa da su sosai, a riƙa waiwayen inda igiyar take sauka. Matsayin da ya fi dacewa shi ne baya kuma a gefe, inda ɗan tseren ke ganinka ba sai ya juya ba, ta ɓangaren da iska ba za ta kai masa hayaƙin injinka ba.

Batun gora kuwa ya danganta da dokar kowace gasa, kuma dokokin sun sha bamban ƙwarai. A tseren Seventy48 na jihar Washington, daga Tacoma zuwa Port Townsend, mil 70 cikin awa 48, an hana ɗan tsere shirya wa kansa masu tallafi a hanya. A tseren Celtic Challenge kuwa, wanda ke ƙetare teku daga Arklow ta ƙasar Ailan zuwa Aberystwyth ta Wales, kowace tawaga ta mutum 12 tana tafe da jiragen rakiyarta, kuma a tsakiyar teku ake sauya matuƙa. Abin da ya halatta a wannan ya haramta a wancan, don haka kafin ka miƙa komai, ko ka nuna hanya, ka tambayi ɗan tseren ko yana neman taimako, ka kuma tunatar da shi abin da karɓa za ta jawo masa.

Wannan ladabi yana da iyaka. Idan amsarsa ta fara rikicewa, harshensa ya yi nauyi, ko yana tuƙi ba ya bin hanya, to mai yiwuwa sanyi ko zafi ya taɓa tunaninsa, kuma irin wannan mutum shi ne ya fi kowa rantsuwa cewa lafiyarsa lau. Ka yi masa tambayoyi masu sauƙi, kamar lambarsa da sunan tashar da ya wuce, ka sanar da jami'in tsaro abin da ka ji, ka kuma tsaya kusa da shi. Jami'in ne ke da ikon fitar da shi daga gasa. Hukuncin da aka yanke a kan gorar ruwa ana iya ɗaukaka ƙara a kansa da yamma, kuma ni da zan zaɓa, gara a yi ta jayayya a kan wannan.

Tambaya: Malam, idan yanayi ya ɓaci ana tsakiyar gasa, wa ke da ikon dakatarwa? Mu 'yan sa-kai muna da ta cewa?

Amsa: Hukuncin na shugaban gasa ne da jami'in tsaronsa, ɗan'uwa, kuma gasar da aka tsara da kyau takan rubuta iyakar iska da igiyar ruwa da nisan gani tun kafin ranar, domin kada a zo ana ciniki a gaɓa bayan mutane sun taho daga nesa suna ɗokin tashi. Amma shugaban yana zaune ne a inda ruwa ke kwance, kai kuma kana can bakin tsauni, saboda haka da idonka yake gani. Ka ba shi abin da zai auna: daga ina iska take, ƙarfinta nawa, tsayin igiya, ko kana hango tasha ta gaba, da kwalekwale nawa ka ga suna kwarfar ruwa. Ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, wanda ya samo asali a 1805, yana taimakawa a nan. A mataki na 3 iska tana gudun not 7 zuwa 10 (not shi ne ma'aunin gudu a teku), farin kumfa ya fara bayyana jefi-jefi a kan igiyoyi. A mataki na 4, not 11 zuwa 16, kumfan ya yawaita. A mataki na 5, not 17 zuwa 21, ƙananan kwalekwale da yawa suna cikin wahala. Not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa.

Lambar iska kaɗai ba ta ba da cikakken labari. Idan iska ta yi karo da gudun ruwan teku lokacin tumbatsa ko janyewa, igiyoyi sukan gajarce su miƙe tsaye, har wurin da aka wuce lami lafiya da safe ya zama ba ya biyuwa bayan ruwa ya juya. Iskar da ke busowa daga tudu zuwa teku ta fi yaudara, domin bakin gaɓa yakan kwanta luf, amma tana tura gajiyayye waje inda igiya ke ƙara girma. Irin wannan ce ta kwashi ayarin ɗalibai masu ƙananan kwalekwale a Lyme Bay ta Ingila a watan Maris na 1993, aka makara wajen sanar da masu tsaron gaɓa, matasa huɗu suka rasu, har lamarin ya kai ga kafa sabuwar doka a 1995. Abin da ya kamata kowa ya riƙe a lissafinsa shi ne, yanayin da ya cika kwalekwale ɗaya da ruwa yana cika sauran a lokaci guda, don haka tambayar ita ce mutum nawa jiragen rakiyar za su iya kwashewa gaba ɗaya. Idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kimanin kilomita 10, kuma lokacin fita daga ruwa ya yi. Idan hazo ya rufe, a tattara na kusa wuri guda a ƙirga su.

Akwai kuma manyan jirage. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun ce jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya tare wa wanda ba ya iya tafiya sai a cikin ƙunƙuntar mashiga. Kasancewa cikin gasa ba ya ba kowa haƙƙin hanya sai idan hukuma ta rufe wurin, kuma ɗan sa-kai ba ɗan sanda ba ne, roƙo da faɗakarwa kawai yake yi. Tsayar da 'yan tsere na 'yan mintoci har jirgin dakon kaya ya wuce yana cikin aikinka idan an ba ka umarni. Game da jirginka kuwa, kai ne mai magana ta ƙarshe: idan yanayin ya fi ƙarfinsa, ka faɗa da wuri domin a toshe gurbinka.

Tambaya: Malam, idan wani ya ji rauni a hannuna, ko jirgina ya lalace, wa zai ɗauki nauyi? Kuma yaushe aikina yake ƙarewa?

Amsa: Wannan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, Malama. Taimakon wanda ke cikin hatsari a teku wajibi ne a kan shugaban jirgi matuƙar ba zai jefa jirginsa da mutanensa cikin babban hatsari ba, kamar yadda sashe na 98 na yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ya tanada. Amma rakiyar da aka shirya tun da wuri wani abu ne daban da taimakon da aka ci karo da shi, kuma ba kowace inshorar jirgin shaƙatawa ce ta ƙunshe ta ba. Ki tambayi kamfanin inshorarki a rubuce, ki kuma tambayi masu shirya gasar ko tasu ta haɗa da 'yan sa-kai da jiragensu, da ko sun sami izinin hukuma. A Amurka, alal misali, sabuwar gasa tana miƙa takardar neman izini ga rundunar tsaron gaɓar teku kwana 135 kafin ranar. Horo a kan taimakon farko da tuƙin jirgin ceto, irin wanda ƙungiyar masu jiragen ruwa ta Birtaniya, RYA, ke bayarwa, yana kare wanda aka ceta da mai ceton.

Aikinki ba ya ƙarewa da wucewar kwalekwale na ƙarshe ta gabanki. Ki sanar da lambarsa da lokacin, ki jira har jami'in tsaro ya haɗa lissafin waɗanda suka tashi da waɗanda suka iso da waɗanda suka janye a hanya, domin wanda ya fita a wata gaɓa ya tafi gida bai sanar ba yana cikin ɓatattu har sai an ji muryarsa. Idan ya sallame ki ta rediyo, ki miƙa masa takardar ƙirgarki tare da bayanin duk abin da ya kusa zama hatsari, ki kuma sanar da shi lokacin da jirginki ya koma gaɓa, saboda jiragen rakiya ma suna cikin waɗanda yake ƙirgawa.